Tsintar Dami A Kala: Kayan Bakin Hanya Tsakanin Tsintuwa Da Sata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai azurta bayinSa ta inda suka zata da inda ba su zata ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka san shi da amana tun gabanin aike, da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan jawabi zai tsaya ne a kan wata mas'ala wadda ake yi wa kallon ƙarama, alhali kuwa tana shiga tukunyar gidaje masu yawa a wannan yanki. Mas'alar ita ce kayan da mutum ya tarar a bakin hanya babu kowa a kansu: shin ɗaukarsu tsintuwa ce ko sata? Muridin da ke neman tsarkin zuciya ba zai wadatu daga sanin amsar ba, domin abin da ya shiga ciki shi ne ke zama jinin da ke motsa harshen mai zikiri.

YANAYIN WANNAN YANKI

Allah Ya albarkaci ƙasar Funtuwa da Malumfashi da ruwan sama da ƙasar noma. Tun zamanin da Maska ta yi suna da saƙa da rini, auduga ke fita daga wannan ƙasa. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo da ya taso daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa, aka kuma kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A shekarar 1975 shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya yawaita taki da irin masara a hannun manoma, har masara ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da dawa. Saboda haka idan kaka ta yi, duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Bakori da Malumfashi, ko hanyar Ɗandume, ko wadda ta nufi Ɗanja da Ƙafur, zai ga dukiyar bayin Allah a shimfiɗe a gefen kwalta: shanyar masara da barkono, buhunan waken suya an jera ana jiran mota, damman dawa, da kwandunan tumatir. Sau da yawa mai kayan ya tafi neman abin hawa, ko ya tafi salla, ko ya koma gona ɗauko saura.

Manomi yana barin guminsa na damina guda a fili ne saboda ya amince da jama'ar da ke wucewa. Ranar da wannan aminci ya gushe, dole ya ɗauki mai gadi ko ya kwana a kan buhu, kuɗin gadin kuma ya hau kan mudun da talaka zai saya a kasuwa.

ABIN DA KARIN MAGANA TA ƁOYE

Bahaushe yana cewa wane ya tsinci dami a kala, idan ya sami alherin da bai yi tsammani ba. Kala ita ce bin gona bayan mai ita ya kwashe amfaninsa, a tsinci zangarniyar da ta faɗi ko ƙwayar gyaɗar da ta maƙale a ƙasa. Tsofaffi da mata marasa galihu da almajirai sun daɗe suna ci daga wannan ƙofa, malamai kuma ba su hana ba, domin al'ada ta tabbatar da cewa mai gona ya ɗauke ransa daga abin da ya rage. Amma dami hukuncinsa dabam. Dami ba ya ɗaure kansa. Akwai hannun da ya tara zangarnun, ya jera su, ya ja igiya ya ƙulle, kuma ba a ɗaure abin da aka yi niyyar zubarwa. Wanda ya tarar da dami a kala ya tarar da abin da aka manta ne, mai shi kuwa zai dawo da zarar ya ƙirga ya ga babu ɗaya.

A nan hukuncin mas'alar baki ɗaya yake. Hanya ba ta cire mallaka daga hannun mai ita. Abin da ake dubawa shi ne ko mai kayan ya sallama su da yardarsa, ko kuwa ransa yana rataye da su har yanzu. A kan wannan ma'auni kayan bakin hanya suka kasu uku: yasasshe, da ɓatacce, da ajiyayye.

KASHI NA FARKO: YASASSHE

Yasasshe shi ne abin da mai shi ya jefar da gangan, ko abin da bai kai a waiwaye shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tarar da dabino guda a kan hanya, ya kuma bayyana cewa tsoron kada ya zama na sadaka ne kaɗai ya hana shi ci. Malamai suka fahimci cewa abu ƙanƙani irin wannan ba ya bukatar cigiya. Don haka ƙwayar masarar da ta zube daga ɓular buhu a tasha bayan mota ta tashi, da karan raken da ya faɗo daga amalanke, da gwangwani da roba da tsohon ƙarfen da aka watsar a bola, duk halal ne ga wanda ya tsinta.

Ya wajaba a faɗi wannan a fili saboda 'yan jari-bola, waɗanda jama'a kan yi musu kuɗin goro. Yaron da ya ɗauki buhu yana bin juji don ya rufa wa kansa asiri yana sana'a ce ta halal, kuma ya fi wanda ya zauna yana jiran na wani. Iyakarsa ita ce bola. Tukunyar da aka kife a ƙofar gida, da garmar da aka jingine a bakin gona, da ƙarfen layin dogo, da makarin gada, da wayar lantarki, babu ɗayansu da aka yasar. Na farkon suna da mai su guda ɗaya, na ƙarshen kuwa na al'umma ne gaba ɗaya, wanda ya ci su zai tashi da masu ƙara da ba zai iya ƙirgawa ba. Dillalin da ke sayen irin wannan ƙarfe yana sane, shi ma ya shiga cikin laifin, domin da babu mai saye da ba a kwance ba.

KASHI NA BIYU: ƁATACCE

Ɓatacce shi ne abin da ya kuɓuce wa mai shi ba da saninsa ba, kamar ƙullin kuɗi, ko wayar hannu, ko buhun taki da ya faɗo daga bayan babur. Shi ne malaman fiƙihu ke kira luƙaɗa. Asalin hukuncinsa hadisin Zaidu ɗan Khalid Aljuhani ne (R.A.), wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito shi. A cikinsa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai tsintuwa ya kiyaye kamannin mazubin abin da kuma igiyar da aka ɗaure shi da ita, sannan ya yi cigiya shekara guda. Mai hankali zai lura cewa shari'a ma ɗaurin ta fara dubawa, kamar yadda aka gani a sha'anin dami.

A Muwaɗɗa har ila yau an kawo labarin wani mutum da ya tsinci jaka mai dinari 80 a kan hanyar Sham. Sayyidina Umar (R.A.) ya umarce shi da ya yi cigiya a ƙofofin masallatai, ya kuma riƙa ambata ta ga duk wanda ya fito daga Sham har shekara ta cika. Ma'ana, ana kai cigiya ne inda ake zaton mai abu zai nema. Wanda ya tsinci kaya a hanyar kasuwar Ɗandume, sai ya sanar da Sarkin Kasuwa da shugabannin tasha da direbobin da ke bin hanyar. Ya sanar da mai unguwa da dagaci. A yau kuma ga gidajen rediyo, ga zaurukan WhatsApp da Facebook na garuruwa, waɗanda ke kai saƙo cikin sa'a guda inda mai shela ba zai kai cikin mako ba. Ana yin cigiya a ƙofar masallaci, ba a cikinsa ba, domin hani ya tabbata a kan haka.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa, irin su Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da Mukhtasar na Shaihu Khalil da sharhohinsu, sun warware sauran rassan. Wanda ya amince da kansa, ya kuma ji tsoron kada abin ya faɗa hannun maha'inci, wajibi ne ya ɗauka don ya tsare. Wanda ya san zuciyarsa za ta ci, haramun ne ya taɓa. Mai cigiya ba ya bayyana siffar abin dalla-dalla, don kada maƙaryaci ya samu ƙofa, idan kuma wani ya zo ya faɗi mazubi da ɗauri da adadi daidai, sai a ba shi. Idan abin ya salwanta a hannun mai tsintuwa ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa, sai fa idan tun farko ya ɗauka da niyyar ci. Bayan shekara yana da zaɓi: ya ci gaba da ajiyewa, ko ya yi sadaka da shi, ko ya yi amfani da shi, tare da cewa a biyun ƙarshe zai biya duk ranar da mai shi ya bayyana. Abin da ke saurin lalacewa kuwa, kamar ɗanyen nama ko nunannen tumatir da ba zai kwana ba, an yi rangwame a ci shi maimakon a bar shi ya ruɓe.

Wannan kariya ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Malaman Malikiyya sun ce idan aka yi tsintuwa a ƙauyen waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune da amana, ana miƙa ta ga malamin addininsu, domin shi ya fi sanin mutanensa. A ƙasar Malumfashi da Ƙafur akwai Hausawa Kirista, a Funtuwa kuma akwai 'yan kasuwa da direbobi daga kudancin ƙasar nan. Dukiyarsu tana da alfarma kamar ta kowa.

DABBAR DA TA ƁATA

A cikin hadisin Zaidu an yi tambaya game da tunkiya da raƙumi. An yi izinin kama tunkiya domin in an bar ta naman daji zai cinye, aka kuma hana taɓa raƙumi domin yana iya kai kansa ga ruwa da itatuwa har mai shi ya same shi. Malikiyya suka taƙaita izinin cin tunkiya ga wadda aka samu a dokar daji nesa da mutane. Wadda aka gani kusa da gari cigiyarta ake yi. Haka kuma Muwaɗɗa ta nuna cewa a zamanin Sayyidina Umar ana barin ɓatattun raƙuma suna yawonsu, amma da zamanin Sayyidina Usman (R.A.) ya zo, sai ya yi umarni a yi cigiyarsu, sannan a sayar, a ajiye wa masu su kuɗin. Hukuncin ya bi abin da zai fi tsare haƙƙin mai dukiya a kowane zamani.

Wannan darasi ya shafi yankin nan kai tsaye. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara shekaru da dama, har a shekarar 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya na wani lokaci, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni. A irin wannan hali, saniyar da aka wayi gari aka gan ta ita kaɗai a bakin hanya, mafi rinjayen zato ita ce ta kuɓuce daga garken da aka kora. Wanda ya ja ta zuwa gidansa a ɓoye ya ƙarasa wa ɓarawo aikinsa. Hanyar tsira ita ce a kai ta gaban dagaci ko hakimi da jami'an tsaro da rana tsaka, a gaban shaidu. Imamu Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ɓoye ɓatacciyar dabba bai yi cigiyarta ba.

KASHI NA UKU: AJIYAYYE

Ajiyayye shi ne abin da mai shi ya san inda yake, kuma zai dawo gare shi. Shanya a gefen kwalta, da buhunan da ke jiran mota, da itacen da aka tara aka ɗaure, da keken da aka jingine a gindin bishiya, duk wannan ba tsintuwa ba ce ta kowace fuska, domin abin da bai ɓata ba ba a tsintarsa. A cikin wannan kashi akwai nau'i biyu da suka fi muni.

Na farko shi ne kayan motar da ta yi hatsari. Babbar mota ta kife da buhunan shinkafa ko taki a hanyar Zariya ko ta Gusau, direba na kwance cikin jini, jama'a kuma su yi ca a kan kaya suna cewa rabo ne ya tsaga. Wannan shi ne wawaso, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi a hadisi ingantacce. Mai kayan sananne ne, sunansa na rubuce a takardar lodi, sau da yawa kuma direban ne za a bi bashin abin da aka kwashe. Wanda Allah Ya kawo wurin hatsari an kawo shi ne don ya ɗauki mai rauni ya tsare dukiya. Ƙasar nan ta ga ƙarshen wannan ɗabi'a da idonta. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, mutane suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. A ranar 18 ga Janairu, 2025, irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka rasa fiye da mutum 80. Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu, Ya sa abin ya zama izina ga na baya.

Na biyu shi ne kayan waɗanda suka gudu daga ƙauyukansu saboda tsoro. Rumbun da aka bari a buɗe, da gonar da ta nuna babu mai girbi, da ƙullin kayan da mace ta yar a hanya don ta iya ɗaukar ɗanta, babu wanda aka bari da yardar rai. Cin irin wannan dukiya ƙara wa wanda aka zalunta zalunci ne. Maƙwabcin kirki shi ne wanda zai girbe ya auna a gaban shaidu, ya ajiye wa mai shi har Allah Ya dawo da shi gida.

Wani zai ce ai malamai sun shardanta cewa sai an ɗauke abu daga ma'ajinsa, ya kuma kai nisabin rubu'in dinari ko dirhami 3, kafin haddin sata ya tabbata. Haka ne, amma faɗuwar haddi ba ta mayar da haram halal. Alƙali na da ikon horo, ramuwa na nan a wuyan wanda ya ɗauka, hisabin lahira kuma ba ya jiran nisabi.

UZURIN YUNWA DA HAƘƘIN DA KE KAN MAI GONA

Ba za a rufe ido daga halin da talaka ya shiga ba, musamman bayan cire tallafin man fetur a shekarar 2023, lokacin da farashin abinci ya kai inda magidanta da yawa suka kasa. Shari'a ta san yunwa. An ruwaito rangwame ga mabukacin da ya ci daga 'ya'yan itacen gona da bakinsa, muddin bai ƙunsa ya tafi da shi ba. Sayyidina Umar kuma, da bayin Haɗibu suka yanka taguwar wani mutumin Muzaina, ya fahimci yunwa ce ta kai su, sai ya janye haddi daga kansu, ya ɗora wa ubangidansu biyan ninkin kuɗinta, dirhami 800. Rangwamen na cika ciki ne a lokacin larura. Bai kai ga ɗaukar buhu a kai kasuwa ba.

Hukuncin Sayyidina Umar ya nuna cewa mai dukiya ma yana da nasa kason a cikin wannan mas'ala. Suratul Ƙalam ta ba da labarin masu gonar da suka yi niyyar girbi da sassafe don kada miskini ya shigo musu, Allah Ya halaka gonar suna barci. Manomin da Allah Ya ba wusuƙi 5 ko fiye, ya fitar da zakka: dami ɗaya cikin 10 a noman damina, rabin haka a noman da aka shayar da wahala. Ya biya 'yan ƙwadago kafin su bar gona. Ya bar masu kala su shiga bayan ya kwashe, kada ya kore su ko ya sa wa saura wuta. Ƙofar halal idan ta yalwata, masu leƙen ta haram suna raguwa.

MATSAYIN MA'ABOTA ƊARIƘA

Duk abin da ya gabata iyakar fatawa ce, wadda ta hau kan kowane Musulmi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa tsentseni hawa huɗu ne, barin abin da fatawa ta haramta kuwa shi ne na ƙasa. Sama da shi akwai barin shubuha, sannan barin halal don tsoron kada ta kai ga haram, sannan barin duk abin da ba don Allah ba.

Imamu Ƙushairi ya kawo a cikin Risalarsa cewa 'yar'uwar Bishrul Hafi ta tambayi Imamu Ahmad ɗan Hambali ko ya halatta ta yi kaɗi a kan soro da hasken fitilun jami'an hukuma da ke wucewa a hanya. Da ya san daga gidan da ta fito, sai ya yi kuka, ya umarce ta da ta bari, domin irin gidansu ne ake koyon tsentseni daga gare shi. Haske ne kawai ya faɗo mata daga hanya, amma ta tsaya ta tambaya kafin ta murza mazari. Shi kansa Bishru, sanadin tubansa tsintuwar bakin hanya ce. Ya ga takarda mai ɗauke da sunan Allah ana tattaka ta, ya ɗauka ya saya mata turare ya adana ta, Allah kuma Ya ɗaukaka sunansa. Haka Abdullahi ɗan Mubarak ya koma Sham tun daga Marwa don ya mayar da alƙalamin da ya ara.

Imamu Muslim ya ruwaito hadisin matafiyin da ya ɗaga hannu yana roƙon Ubangiji alhali cinsa da shansa da tufafinsa haram ne, aka nuna nisan amsa addu'arsa. Muridin da ke raya asuba da lazimi, ya zauna wazifa, ya halarci zikirin Juma'a, ya kamata ya fi kowa tsoron mudu guda na shubuha a cikin rumbunsa. Shaihunnan ɗariƙa gaba ɗaya sun sanya mayar da haƙƙoƙi cikin sharuɗɗan tuba. Wanda ya san akwai kayan wani a hannunsa, ya mayar da su ko ƙimarsu ga mai su, in ya rasu ga magadansa, in an yi nema an rasa su sai a yi sadaka da niyyar ladan ya kai gare shi. Ba dole ne ya tona wa kansa asiri ba, yana iya aikawa ta hannun muƙaddami ko wani amintacce.

KAMMALAWA

Ana kira ga muƙaddamai da limaman zawiyoyi da su karantar da babin luƙaɗa a farkon kowace kaka, su kuma ware amintaccen mutum da littafi a kowace zawiya don rubuta tsintuwa da ranar da aka kawo ta. Ana kira ga iyaye su tambayi yaro inda ya samo abin da ya shigo da shi gida kafin a ɗora tukunya. Aikin kuma yana farawa daga wannan fili: duk wanda ya tsinci waya ko kuɗi ko carbi ko takalmin da ba nasa ba a wurin wannan taro, ya miƙa wa 'yan agaji domin a yi shela.

Allah Ya wadata al'umma da halal ɗinSa ga barin haram, Ya sa albarka a gonaki da kasuwanni, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya zaunar da Jihar Katsina da Nijeriya lafiya, albarkacin Shugaban halitta (S.A.W.). Amin.